Taswirar Waya da Ma'ajiyarta

Taswirar da kake gani a waya ko kwamfuta ba hoto ɗaya ba ce. Ƙananan hotuna ne masu kusurwa huɗu, galibi ɗigo 256 a tsaye, 256 a kwance. Manhaja ce ke jera su har su zama abu guda. Kuma taswirar hawa-hawa take. Akwai shimfiɗar tituna, akwai ta hoton tauraron ɗan adam, akwai ta cunkoson motoci.

Duk hoton da manhaja ta sauko da shi daga intanet, takan ajiye kwafinsa a cikin na'ura. Gobe in ka sake duba unguwar nan, sai ta ɗauko na ajiye. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Data ba ta saurin ƙarewa, taswira tana buɗewa nan take ko da sabis ya yi rauni.

Sai dai ajiya tana tsufa. An gina sabuwar gada, ko ruwa ya cinye hanya, masu taswira sun gyara, amma na'urarka tana iya ci gaba da nuna maka na da.

Masu gyaran taswira su suka fi shan wahalar wannan. Ga OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa ke iya ƙara mata abin da ya sani. Mutum ya zauna ya zana rijiyar burtsatsen ƙauyensu da hanyar asibiti, ya adana. Ya koma ya duba, babu komai. Sai ya ɗauka aikin bai shiga ba, ya sake zanawa. Ga rijiya biyu a taswira, alhali ɗaya ce a ƙasa! Aikin ya shiga tun farko, tsohon hoto ne ya tsaya masa a gaba.

Shi ya sa wasu manhajoji ke ba da damar kashe ajiya. A GeoServer, wadda ake raba taswirori da ita ta intanet, ana iya kashe wa shimfiɗa ɗaya a bar sauran. Haka ya dace. Abin da ke sauyawa kullum, kamar ambaliya ko shimfiɗar da ake cikin gyaranta, a kashe masa. Duwatsu da koguna kuwa a bar su, ba inda za su. Wanda ya kashe duka zai sha jira, data kuma ta tafi a banza.

Kai mai wayar Android, share ajiyar ya ishe ka. Shiga Settings, sai Apps, ka zaɓi Maps, wato manhajar taswira, sannan Storage. Danna Clear cache. Ka lura da kyau, kusa da shi akwai Clear data, wasu wayoyin kuma Clear storage suke rubutawa. Kada ka taɓa wannan, domin har taswirar da ka sauke don tafiya inda babu sabis zai iya gogewa. In karatun Turanci bai zauna maka ba tukuna, nemi wani ya karanta maka kafin ka danna.