Minestrone: Miyar Da Ta Haɗa Kaka Da Minista

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu karanta harkar girki da kula da otal, akwai wata kalma da za ku yi ta cin karo da ita a littattafanku da jerin abincin manyan otal: minestrone. Italiyanci ce, kuma ana furta ta har wasalin ƙarshe, mi-nes-tro-ne. Kada a haɗiye wutsiyar.

A farfasa ta gida biyu. Minestra na nufin abinci mai ruwa-ruwa da ake zubawa a kwano. Ɗafin -one kuwa girma yake nunawa, aikin da "ƙaton" ke yi mana a Hausa. In suka so ƙaramtawa sai su ce minestrina, wato ɗan romo marar nauyi. Ke nan minestrone ƙatuwar minestra ce, mai kauri, cike da kaya.

Ita minestra daga aikatau minestrare ta fito, zuba wa mutane abinci. Shi kuma daga Latin ministrare, yin hidima, wanda tushensa minister ne: bara, mai yi wa wani aiki. Kalmar nan ce ta bi ta Turanci ta iso mana a matsayin "minista". Eh, minista dai da kuka sani, mai jiniya. A asali sunansa da na mai rabon miya ɗaya ne, har ma a cikinsa akwai minus, wato na ƙasa. 'Yan takarar ƙungiyar ɗalibai, ku ji da kyau.

To me ke cikin tukunyar? Ba ta da doka guda. Abin da lambu ya bayar a lokacin shi ake sawa: albasa, karas, kabeji, wake, dankalin Turawa, tumatir, a ƙara shinkafa ko gutsuren taliya. Girkin talaka ce, abin da Italiyawa ke kira cucina povera. Tumatir da dankali ma baƙi ne a cikinta, don sai a ƙarni na 16 suka shiga Turai daga nahiyar Amurka, aka kuma daɗe ana ɗari-ɗari da tumatir kafin ya samu shiga tukunya.

Sai dai ina da ja da masu fassara ta da "miyar ganye". A wurinmu miya abokiyar tuwo ce, ba wanda zai zauna ya sha taushe zalla ya ce ya ci abinci. Minestrone kuwa ita kaɗai ake sha da cokali. A ganina ta fi kusa da fate, inda tsaki da yakuwa da alayyahu da wake ke dahuwa a tukunya ɗaya. Duk wanda ya ga kayan lambun da masu noman rani ke fitarwa a Makera da kewayen dam ɗin Zobe ya san kusan duk kayan haɗinta muna da su. Man zaitun da cukuwin Parmesan da ake barbaɗawa a sama ne kawai za su ba ka wahalar nema a kasuwar Dutsin-Ma.