Walimar Cika Shekara 70 Ba Tare da Cin Bashi Ba

Wata mai sauraronmu daga Magariya, jihar Damagaram, ta aiko da tambaya: mahaifinta zai cika shekara 70, yaya za ta shirya masa biki a gida da ɗan abin da ke hannunta?

To, a Magariya, irin wannan murna ta fi karɓuwa idan aka yi ta da sunan walima: a kira malamai da safe su yi wa dattijo addu'a, sannan dangi su ci abinci.

Ta fara da hatsi. Gero, wake da gyaɗa sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, don haka ta saya ta adana. Dambu da zogale, waina, fura da zoɓo za su ƙosar da baƙi, akuya ɗaya kuma ta wadatar da miya. Da yake sefa da naira duka suna yawo a kasuwannin bakin iyaka, ta tambayi canjin ranar kafin ciniki.

Tabarmi da tukwane a aro wajen maƙwabta. Idan tana adashi, ta roƙi uwar adashi kwasarta ta faɗo a watan bikin, 'yan'uwa kuma a raba musu nauyin itace, ruwa da goro.