Yadda za ka daina dukan iska a besbol

In kana koyon besbol kuma sandarka ta fi samun iska fiye da ƙwallo, ka nemi labarin Joe Sewell. Ɗan jihar Alabama ne a Amurka, gajeren mutum, ya buga wa Cleveland da New York Yankees daga 1920 zuwa 1933. A wannan wasa, in mai jifa ya ci ka sau uku, ko ka kai duka ka kuskure ko ka bar ƙwallo mai kyau ta wuce, ka fita ke nan. Sewell ya tsaya duka sau 7,132, amma sau 114 kacal aka fitar da shi ta haka. A 1932 sau 3 ne duk shekara. Babe Ruth, wanda suka zauna ƙungiya ɗaya, an fitar da shi sau 1,330. Ruth yana da ƙarfin da ke biyan wannan asara in ya samu ƙwallo. Mai koyo ba shi da shi tukuna, don haka hanyar Sewell nake so ka bi.

Fara da riƙo. Kada ka damƙi sandar a can gindinta. Matsa hannuwanka sama kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Nisan dukanka zai ragu, gaskiya ne, amma sandar za ta riƙa bin umarninka. Haka Willie Keeler yake yi, wanda ya ma fi Sewell ƙanƙanta: gajeriyar sanda, riƙo can sama, sai ya ɗan tura ƙwallon inda babu mai tsaro. A 1899 sau 2 aka fitar da shi cikin tsayuwa 570.

Sai ido, kuma a nan aikin yake. Yawancin masu kuskure tun kafin ƙwallo ta iso sun ɗaga kai suna duban inda za ta faɗa. Kafa idonka a hannun mai jifa daga lokacin da zai saki ƙwallon, ka raka ta har bakin sanda, haɓarka na ƙasa. Ana ba da labarin cewa Sewell tun yana yaro yake wurga tsakuwa sama yana dukanta da siririyar sanda. Yi irin wannan da murfin kwalbar lemo: abokinka ya riƙa jefo maka, kai kana duka. Murfin kwalba ba ya tafiya miƙe, yakan karkace ya nutse ba zato. Wanda ya saba samunsa, ƙwallo za ta yi masa girma. Ni dai na fi yarda da kwata ɗaya na wannan kullum a kan awa biyu na dukan ƙarfi ranar Asabar.

Ka kuma tsaya a kan sanda ɗaya. Ta Sewell har suna gare ta, Black Betsy, nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya. Kada ka kwaikwayi nauyin, ya yi wa mai koyo yawa. Sabon da ya yi da ita shi ne abin ɗauka.

In an ci ka sau biyu, sauya hali. Ƙara matsa hannu sama, rage takun ƙafar gaba, ka daina neman ƙwallon da ta yi maka daɗi. Duk wadda ta zo kusa, taɓa ta. Ko da ta fita gefen fili ba a ƙirga maka ita ta uku, muddin duka ka kai sosai kuma ba a cafe ta a sama ba. Kana nan tsaye, mai jifa yana ƙara gajiya, kuma dole ya sake jefo wata.