Farkawa Daga Allurar Barci Ba Ita Ce Ƙarshen Haɗari Ba

Idan likita a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ya ce sai an yi tiyata, babban fargaban dangi shi ne allurar barci, kada a yi wa mutum ya ƙi farkawa. Da ya buɗe ido sai a yi hamdala, kowa ya kama gabansa. A nan ake yin kuskure. A 2018 mujallar Lancet ta wallafa binciken da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. Cikin majinyata 11,422, kusan ɗaya cikin biyar ya sami matsala bayan tiyata, galibi shigar ƙwayoyin cuta. Mutum 239 suka rasu, kuma kashi 94 cikin ɗari daga cikinsu bayan ranar tiyatar ne.

Don haka wajibi ne mai jinya ya iya bambance laulayin allura da alamar haɗari. Tashin zuciya, amai, rawar ɗari da zafin maƙogwaro kan biyo bayan allurar barci, kuma suna wucewa. Allurar baya da ake yi wa masu haihuwa ta tiyata kan jawo ciwon kai mai tsananta in an zauna, ya lafa in an kwanta. Yana da magani, a faɗa wa likita. Amma jini ya jiƙa bandeji, numfashi sama-sama, barcin da ba a iya tayar da mutum, sambatu, ɗaukewar fitsari, zazzaɓi, kumburin ciki ko mugunya a ɗinki, waɗannan ba a jira su gari ya waye. A kira ma'aikaciyar jinya nan take, ko ƙarfe biyu na dare ne. Kafin tiyata kuma a gaya wa likita gaskiya game da hawan jini, asma, sikila, jiƙo ko tiramadol, a kuma kiyaye umarnin barin abinci na aƙalla awa shida, domin abin da ke ciki na iya komawa huhu yayin da mutum ke barci.

Wani zai ce sa ido aikin ma'aikata ne. Haka ne, kuma hakki ne a kan gwamnati ta ƙara su. Sai dai binciken ya gano cewa ƙwararrun likitocin tiyata, na haihuwa da na allurar barci, a haɗe, ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba. Kafin a cike wannan giɓi, wanda ke zaune gefen gado shi ke fara ganin canji. Wani kuma zai ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma tawakkali bai hana neman magani ba. Ku raba kwana a tsakaninku, kada a bar majinyaci shi kaɗai a kwanakin farko, kuma kada ku matsa a sallame shi kafin likita ya yarda.