Yadda Ake Awon Yunwa

Mafi arahar kayan awon yunwa wata 'yar maɗaura ce mai launi uku. Ma'aikacin lafiya kan zagaya ta a damtsen yaro, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 5. In kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, sai ta nuna ja, wato tamowa ta yi tsanani, magani ake nema nan take. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, abin da ya haura kuwa kore. Ko uwar da ba ta taɓa zama a aji ba tana iya gane ta.

Awon ƙasa sukutum ya fi wannan wuya. A 2004, a Somaliya, ma'aikatan Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara ma'auni mai hawa biyar, IPC, domin a riƙa gwada halin wata ƙasa da na wata da mudu ɗaya. Najeriya da Nijar suna aiki da takwaransa, Cadre Harmonisé.

Hawa na biyar shi ne yunwa mai kisa, kuma ba a furta shi sai abu uku sun haɗu a yanki guda: gida ɗaya cikin biyar abinci ya yanke musu, yara 30 cikin 100 sun ƙyamushe, sannan mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. An tsananta sharuɗɗan ne don kada kowa ya yi ta kururuwar yunwa yadda ya ga dama, kuma wannan daidai ne. Sai dai sharaɗi na uku gawa ake ƙirgawa. A Somaliya an yi shelar yunwa a Yulin 2011. Binciken da ya biyo baya ya ƙiyasta cewa mutum kusan 258,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma wajen rabin mamatan an binne su tun kafin shelar.

Shi ya sa masu aikin agaji suka fi zuba ido a hawa na uku, lokacin da magidanci ya fara sayar da akuyar gida ko ya taɓa irin shuka. Inda ake yaƙi kuwa, masu ƙirga ba sa samun shiga da wuri. Sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur sai a Agustan 2024 aka tabbatar ya kai hawa na biyar, fiye da shekara guda da ɓarkewar yaƙin Sudan.