Daga Kano Zuwa Jidda: Nisa Da Tsawon Tafiya A Jirgin Sama

Tambayarmu ta fito ne daga wani mai sauraro a Funtuwa, yana son sanin nisan da ke tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, da kuma awa nawa ake yi a sama.

To Malam, idan aka miƙe sak, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400. Jirgin fasinja kuwa yakan yi gudun kusan kilomita 850 a awa guda. Idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ci awa huɗu da rabi zuwa biyar, muddin ba a yada zango ba.

Hanyar ta ratsa sararin samaniyar Chadi da Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru. Iska ma takan ƙara ko ta rage 'yan mintoci.

Abin da ke rikita matafiya shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare, zai sauka wajen 2:30 agogon Kano, amma a Jidda 4:30 ce ta asuba. Saboda haka Malam, lokacin saukar da ka gani a tikiti agogon can ne. Da fatan ka gamsu.