Romon Haƙarƙari Irin na Mutanen Kanton

Uwargida, yawancinmu muna zuba ƙashi cikin tafasasshen ruwa a kan wuta mai ƙarfi, sai romo ya fito da dauɗa da ƙarni. Mutanen Kanton, a kudancin Sin, da naman alade suke yin nasu. Mu haƙarƙarin rago ko na akuya daga mahauta ya wadatar.

Sa ƙashin a ruwan sanyi, ya tafasa minti 5, ki zubar da ruwan, ki wanke. Sake ɗorawa a sabon ruwa da citta da tafarnuwa, ki rage wuta, ya yi kamar awa 2 yana dahuwa a hankali. Su mutanen Kanton farin radish suke sawa. In babu shi, karas ya yi. Gishiri sai an kusa saukewa, kada ki yi gaggawa.